Tazugen da Sista Ta Ƙwace

Jiya ƙanina Ilu ya zo gaishe ni, tsohon haushina ya motsa.

Shekarar da naira ta fito aka kwantar da shi asibitin masu taɓin hankali. Na je dubiya, na tarar da shi riƙe da wando, babu tazuge. Na zare nawa na ba shi. Wata sista ta ƙwace.

Na ce, "Sista, tsirara kike so ya yi yawo?"

Ta ce, "Malam, gara wando ya faɗi da mu tarar da igiyar nan a wuyansa."

Haka na koma Unguwar Dosa riƙe da wandona, 'yan tasha suna dariya.

Ilu dai ga shi har da jikoki, alhamdulillahi. Amma tazugena har yau shiru. Jama'a, ku faɗi gaskiya, ba a cuce ni ba?