Gefen Hoton Da Auta Ya Daina Zanawa

A layin da take aiki kowa Sakatariya yake ce mata, ko da yake ba ta taɓa zama sakatariyar kowa ba. Ƙaramin shago ne da ita a ƙarƙashin wani bene, da kwamfuta ɗaya, da injin kwafi mai tari kamar tsoho, da bencin masu jira. Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga wa mutane takardu: ta neman aiki, ta koke, ta ajiye aiki, har da wasiƙar ban haƙuri. Ta san sirrin rabin unguwa, ba a kuma taɓa jin ko ɗaya daga bakinta ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, in shago ya yi shiru da tsakar rana, labari take rubutawa ta adana a kwamfuta.

Mutum ɗaya ne ba ya ce mata Sakatariya, wato ƙanenta Auta. Shi Yaya yake cewa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ce kuma ta yi ta jan hannun mahaifinsu a shekarunsa na ƙarshe, lokacin da idanunsa suka mutu a hankali ba tare da sun taɓa yi masa ciwo ba. Auta ya girma ya zama mai zanen allunan shaguna. Rumfarsa tana tsallaken titi, tana kallon shagonta, don haka ko burushi ya yar tana gani.

Shi ya fara kawo maganar wasan waya. Ya koya wa kansa yadda ake haɗa irin wasan nan da mutum yake bin labari, ya taɓa ƙofa ta buɗe, ya zaɓi abin da zai faɗa. Wata rana ya shigo da fenti a gwiwar hannu ya ce, “Yaya, labaran nan da kike ɓoyewa kamar kayan sata, ki ba ni ɗaya in yi masa jiki.”

“Wa ya ce maka ina rubuta labari?”

“Wa yake gyara miki kwamfutar in ta lalace?”

Ta jefe shi da murfin biro, amma ta ba shi. Labarin wani mai kai wasiƙa ne da aka tura garin da mutanensa suka watse. Yana bin gidaje babu kowa, mai wasa kuma shi zai zaɓa: ya buɗe wasiƙar ya karanta, ko ya zura ta ƙarƙashin ƙofa ya wuce. Ita take rubuta kowace wasiƙa, da bayanin abin da ke cikin kowane ɗaki. Shi yake zanawa ya haɗa. Babi-babi suke saki, kowane wata uku.

Masu wasan ba su da yawa, ɗari huɗu da wani abu, amma suna da baki. Sun buɗe guruf a waya, kuma tun daga babi na farko suka rabu gida biyu. Wasu suka ce labari ne ran wasa, ko da gawayi aka yi zanen za su buga. Wasu suka ce in karatu suke so ai ga littafi nan, wasa dole ya ƙayatar da ido. Sakatariya takan karanta gardamar tana jiran injin kwafi ya huce, kuma ba sai an tambaye ta gidan da take ba. Akwai wata da ta ce wasiƙa ta bakwai ta sa ta kuka a cikin motar haya. Sakatariya ta karanta saƙon nan ya fi sau goma.

Shugaban masu kushe kuwa wani ne mai kiran kansa Kunkuru. Babu wanda ya san fuskarsa. Bai taɓa yabon jimla ɗaya ba. Shi dai inuwar kujera ta karkace, shi dai tagar nan ta fi ƙofa girma. In aka ce masa labarin fa, sai ya ce, “Ni da ido nake wasa.” Sakatariya ta tsane shi tsana mai daɗi, irin wadda mutum yake ɗokin safiya don ya ga me maƙiyinsa ya sake cewa.

A babi na uku aka fara ƙorafin makulli. Ta rubuta cewa makullin ɗakin ajiya yana kan teburin da ke hagu, kusa da bango. Masu wasa suka yi ta dube-dube babu tebur. Wurin da ya kamata ya kasance toka-toka ne kawai, kamar an shafa hannu a kan jiƙaƙƙen fenti. Ta tsallaka titi ta same shi.

“Auta, ina teburina?”

“Na zana.”

“Ka zana a ina? A mafarki?”

Ya buɗe hoton, ya juya kansa gaba ɗaya zuwa hagu kamar mai leƙen kwana, sannan ya ce, “Au. Gaggawa ce, Yaya.” Ya gyara a ranar. Ta koma shago tana mita, ba ta sake tunawa da yadda ya juya kan ba.

A watannin da suka biyo baya ƙananan abubuwa suka yi ta faruwa, kowanne da dalilinsa. Ya buge kafaɗa a ƙofar shagonta, ya ce ƙofar ce ta matse. Ya ture kofin ruwa da ta ajiye a gefensa, ya ce ita ce ba ta iya ajiya ba. Mai shagon taya ya dawo da allonsa yana faɗa, wai an bar masa harafin farko babu fenti, an mayar da shi mai sayar da “aya”. Layin duka aka yi dariya, Sakatariya har da riƙe ciki. Matar Auta ta faɗa mata a kunne cewa ya daina hawa babur, ya ce wai ƙafa yake son motsawa. Sakatariya ta ce, “Ƙyale shi, tumbi ya gani.”

Babi na huɗu ya fito, guruf ya kama da wuta. Duk abin da ke cikin hoto ya taru a tsakiya. Kujeru, tagogi, mai kai wasiƙar kansa, duk sun matsu wuri ɗaya kamar masu jin sanyi, gefe da gefe kuwa duhu ne mara siffa. 'Yan gidan labari suka ce wannan ai gwaninta ce, garin ne yake rufewa a kan mai kai wasiƙa, zanen ya bi rubutu. 'Yan gidan zane suka ce lalaci ne. Sakatariya ta shiga da kanta, abin da ba ta saba ba, ta rubuta cewa wanda ya fahimci labari ba ya tsayawa ƙirga kujeru. Aka yi ta tura mata alamar tafi. Da yamma ta ce wa Auta cikin raha, “Ka ga? Ba don rubutuna ba da tuni sun gudu.” Ya yi murmushi. Yana wanke burushi, idonsa a kan hannunsa.

Kunkuru bai ce uffan ba a guruf, kwana uku. Wannan ya dame ta fiye da zaginsa.

Rana ta huɗu, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, tana tsakiyar buga wa wani dattijo takardar koke, saƙo ya shigo wayarta, ita kaɗai. Kunkuru ne. Ya jera hotuna huɗu, ɗaki ɗaya daga kowane babi, ya zagaye iyakar inda zane ya tsaya da jan layi. A na farko layin yana bakin hoto. A na biyu ya ɗan shigo daga hagu. A na uku ya shigo daga hagu da sama. A na huɗu ya zama zobe.

Ƙarƙashin hotunan ya rubuta: “Ki yi haƙuri, Hajiya, ba kushe na zo yi ba. Mai zanen nan ba lalaci yake ba. Tsakiyar hotonsa ta fi ta da kyau, mai lalaci ba ya haka. Mahaifiyata tela ce, haka ɗinkinta ya koma kafin mu gane. Yaushe rabonsa da a duba idonsa? Akwai wanda ya makance a gidanku?”

Dattijon ya ce, “Sakatariya, kin tsaya.”

Ta ce, “Baba, ka dawo da azahar.”

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tsallaken titi. Auta yana kan tsani yana fentin wani allo. Wata mota ta zo ta hagunsa, ta wuce dab da ƙafar tsanin, har iskarta ta kaɗa rigarsa. Bai waiga ba. Sai da motar ta shiga gabansa sannan ya zabura ya riƙe ƙarfe. Ta tuna mahaifinsu yana juya kai gaba ɗaya in an yi masa sallama ta gefe.

Ta tsallaka, ta tsaya a hagunsa bayan ya sauko, kusa har tana jin warin fenti a jikinsa. Ta ɗaga hannu ta kaɗa. Yana ta motsa gwangwani. Ta sake kaɗawa. Sai da ta ce “Auta” sannan ya juyo da dukan jikinsa.

“Yaya! Yaushe kika zo?”

“Tun yaushe?” ta ce.

Ya gane tambayar. Ya ajiye sandar motsa fenti a hankali. “Ya kusa shekara biyu.”

“Shekara biyu kana kallona ina yi maka dariya?”

“Ba ya ciwo, Yaya. Na ce ko gajiya ce. Da na ga ba ita ba ce sai tsoro ya kama ni. Ke kika ja Baba. Ban so in ce miki ki sake shiri ba.”

Ta so ta mare shi, ta so ta rungume shi, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce ya wanke hannu ya rufe rumfa.

A asibitin ido suka yi jira har bayan azahar. Aka sa shi ya kafa goshi a wata na'ura, aka ce ya danna maɓalli duk sa'ad da ya ga ɗigon haske. Sakatariya tana zaune a baya tana ganin hasken yana walƙawa a gefe, ɗaya bayan ɗaya, yatsansa kuwa ko motsi. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta fito da takarda mai zobe biyu, kusan duk baƙi. Ta ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe ya nufi tsakiya, kuma ba ya sallama. Na hagu saura kaɗan. Na dama akwai abin da za a tsare, in ya riƙe maganin ɗigawa safe da yamma har iyakar ransa, wataƙila da aikin tiyata nan gaba.

“Wanda ya tafi fa?” in ji Auta.

“Wanda ya tafi ba ya dawowa,” ta ce. Sai ta juya ga Sakatariya. “Ke 'yar uwarsa ce, ciki ɗaya? To zauna nan. Ciwon yana bin jini.”

“Ni lafiyata ƙalau, likita. Kullum a gaban kwamfuta nake.”

“Shi ma kullum a gaban zane yake. Zauna.”

Ta zauna. Likitar ta daɗe a kan idonta na dama, ta koma na hagu, ta sake dawowa na dama. Ta rubuta wani abu. Ta ce awon ya ɗan hau, bai kai a fara magani ba, bai kuma kai a sake jiki ba. Ta ce mata ta dawo bayan wata shida, kada ta ƙara ko kwana ɗaya.

Auta ya bar hawa tsani. Yanzu ƙananan alluna yake yi a zaune, matarsa tana duba masa gefuna kafin a kai wa mai shi. Babi na biyar ya yi jinkirin wata biyu. Ya zana shi a ƙaramin fili, iya inda idonsa ya kai, ita kuma ta rubuta abin da ke gefe da kalmomi: akwai tebur a hagu, akwai taga a sama. Ta sha wuya, don ba ta saba rubutunta ya yi dako ba. A guruf gardama ta ci gaba kamar da, wasu na yabo wasu na tsaki, ba wanda ya san dalili. Auta ya hana a faɗa. Ta rubuta wa Kunkuru godiya mai tsawo, ya amsa da layi biyu: Allah ya ba shi lafiya, kuma inuwar akwatin wasiƙa a ɗaki na biyu ta karkace.

Saura kwana goma sha ɗaya ta koma asibiti. Tana nan a shagonta tana buga takardu, hannunta bai rage sauri ba. Sai dai masu jira a benci sun lura da wata sabuwar ɗabi'a. In ta buɗe shago da safe, kafin ta kunna kwamfuta, takan tsaya a tsakiyar ɗaki ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta kafa ɗayan a kan agogon bango, ta miƙa hannu gefe tana kaɗa yatsu. Tana matso da su a hankali har ta gan su, sai ta sa alama da fensir a jikin bango. Jiya wata mata ta tambaye ta ko motsa jiki take yi. Ta ce eh. Alamar jiyan ta ɗan shigo ciki fiye da ta makon da ya wuce, kamar faɗin farce, amma ta ce wa kanta wataƙila ba daidai wurin ta tsaya ba.