Usta Lawal da Awon Ranar Asabar

A unguwar Alsawra ta birnin Omdurman, duk wanda gilashin tagarsa ya fashe Usta Lawal yake nema, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne. A gonakin audugar Jazira ta Sudan aka haife shi, inda iyayensa suka tsufa suna ƙodago. Ya shigo Omdurman yana saurayi, ya koyi yankan gilashi a kasuwa. Hannunsa ba ya rawa, shi ya sa Duktora Mawahib, mai koyar da kimiyyar haske a wata jami'a a Khartoum, ta ɗauke shi aiki a ɗakin gwaje-gwajenta.

Ita da ɗalibanta suna neman hanyar samun lantarki daga rana da kaya masu araha. Lawal yakan yanka musu gilasai ƙanana, ba su kai kwalin ashana ba, su kuma su shafa musu rinin da suka tace daga karkade, wato zoɓo, ko lalle, su jera a kan rufi. Sai dai ranar Khartoum takan cinye rinin. Don haka kullum wani zai hau rufi ya jona ma'auni, ya rubuta a littafi yawan wutar da kowane gilashi ya bayar. Asabar ranar Lawal ce, shekara tara bai yi fashi ba.

Wata Asabar ta azumi, a Afrilun 2023, ya tashi gwiwarsa a kumbure. Ya buga wa Wa'il waya, babban ɗalibin Duktora, magidanci mai 'ya ɗaya.

"Yi zamanka, Ammu Lawal," in ji Wa'il, wanda ke kiransa Ammu, wato Baffa. "Ni zan je. Ai hanyata ce."

Ba hanyarsa ba ce. A Alhilla Kuku yake, sai ya tsallaka gada.

Da hantsi aka fara harbi, yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Wayar Wa'il ta yi ta ƙara ba a ɗauka, har ta daina shiga, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duktora ta gudu Masar, ɗalibai suka watse, Lawal ya zauna a Alsawra da iyalinsa. Duk Asabar yakan tsinci kansa a bakin ƙofa sanye da rigar aiki. Wani lokaci yana tsakiyar yanka sai ya ji muryar Wa'il a bayansa tana karanto lambobi, ya waiga babu kowa. Bai faɗa wa ko matarsa ba.

Bayan shekara biyu hanya ta buɗe. Duktora ta kira shi.

"Usta, don Allah je ka dubo mana wurin. Ko me ka tarar, ka faɗa mini."

Ya tarar an ɓalle ƙofofi, an zare wayoyi daga bango, injunan awon haske an farke cikinsu. Ya ja gwiwarsa ya hau rufi. Gilasan na nan a jere, rinin ya koɗe fari fat. Littafin yana ƙarƙashin bulo a gindin bango.

Ya buɗe. Ga awon Asabar da rubutun Wa'il. Ga na Lahadi. Litinin, Talata. Ashe yaƙin ya rutsa da shi a ginin, ya ci gaba da hawa yana awo ana harbi. Kullum rubutun ƙara girma yake yana karkacewa. A gefen shafin Talata ya rubuta: "Ammu Lawal, gilashi na bakwai ya tsage, a sake yankawa." Ranar Laraba ya sa lokaci, bai sa lamba ba.

Lawal ya zauna nan har inuwa ta juya. Ya duba kowane ɗaki a ginin, bai ga ko alamar Wa'il ba.

Bai aika wa Duktora littafin ba. Washegari ya kai shi Alhilla Kuku, wurin Hajiya Khadiga, mahaifiyar Wa'il. Ta shafa shafukan da tafin hannu, ba ta iya karatu ba.

"Kwana nawa?" ta tambaya.

"Biyar, Hajiya."

Ta ce, "Akwai ruwa a wurin?"

"Akwai tanki a kan rufin," in ji Lawal.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta miƙa wa matar ɗanta littafin.

Gaskiya ya faɗa, tankin na nan. Ya tsaya a gabansa jiya, ya ɗora hannu a kan murfin, ya kasa buɗewa don tsoron abin da zai tarar a ciki.