Muryar Usman a Salula

Inna Hajara mai suyar kifi ce a bakin tabkin Madarumfa. Tun ina goye take zaune gaban kaskon nan, hayaƙi ya cinye mata ido, gwiwa ta ƙi. Mijinta masunci ne, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Usman. Shi kuma da kifi ya yi wuya sai ya bi 'yan ci-rani zuwa Aljeriya. Da farko yana kira. Daga baya shiru kake ji kamar an shuka dusa. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi ta, har Inna ta daina tare masu dawowa da tambaya. Abin da take son sani bai da yawa: yana raye, ko a yi masa sadaka?

Rannan Idi direba, mai jigilar Ɗan Issa, ya tsaya sayen kifi, ya ce ya ji muryar Usman a salular wani fasinja. Wai a fodkas, irin shirin nan da ake ajiyewa a intanet ka saurara sanda ka ga dama, ana hira da 'yan ci-rani. Sunan shirin fa? Ya manta. Halin Idi ke nan, ya tada zaune tsaye ya ja motarsa.

Da yake ni ce maƙwabciyarta, kuma na ɗan taɓa lakwal, wato boko, aikin ya faɗo kaina. Akwai shafukan da ke tara shirye-shiryen nan kamar rumfunan kasuwa, ka rubuta abin da kake nema su jero maka. Kullum bayan la'asar sai in zauna gefen kasko in rubuta haoussa, yadda aka koya mana a aji. Faransanci zalla ke fitowa, manyan masana suna ta bayani a kanmu. In rubuta Madarounfa, a kawo mini labarin tsuntsayen tabki. Ga matsalar rezo, wato sabis ɗin waya, sai na ɗaga salula sama har hannu ya sage. Wallahi na gaji, har na so in ce mata Idi ƙarya yake. Ita ko juya kifinta kawai take.

"Ɗiyata, in kin gaji bari sai gobe."

Haushi ne ya sa wata rana na rubuta Hausa yadda 'yan Najeriya ke rubutawa. Sai ga shirye-shirye sun zubo, ashe a bakin ƙofa nake ta kewaye. Muka bi na ci-rani ɗaya bayan ɗaya, kwana da kwanaki, muna jin wahalar 'ya'yan wasu.

Ita ta fara gane muryar Usman, tun bai gama sallama ba. Na duba, shirin na bana ne.

Mai hira ya tambaye shi garinsu. Ya ce Katsina.

"Iyaye fa?"

"Ba ni da kowa, malam. Ni kaɗai ne."

Raina ya ɓaci, na kai hannu zan kashe. Inna ta riƙe ni, kifi na ƙonewa a kasko ba ta ko waiwaya ba.

"Mayar baya."

Na mayar. Ta kara kunne, ta saurari wurin nan har ƙarshe, sannan ta ɗago.

"Kin ji ko? Tari yake. Sanyin can bai karɓe shi ba."