Yadda Ruwa Ya Hau Tudu

A ma'aikatar ruwa kowa Anti Taswira yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Da ƙuruciya tare take fita da masu gyaran bututu, takalminta kullum cikin taɓo. Ciwon gwiwa ne ya zaunar da ita a ofis. Ta yi kukanta ta share, ta zauna ta koyi wata manhaja mai zana bututun gari kaf a kwamfuta. Kana ce mata "a ce an sa injin tura ruwa a nan", sai ta nuna maka abin da zai biyo baya: inda ya yi shuɗi akwai ruwa, inda ya yi ja famfo sai iska.

Unguwar kan tudu ja ce tun fil azal. Manaja ya gaji da ƙorafin mutanenta, ya ce a sa babban inji a huta. Anti ta gwada a manhajar, ta jera sakamakon kusa da taswirar yadda ake a yanzu, ta kira shi.

"Ranka ya daɗe, tudu ya samu. Amma dubi layin asibiti."

Ya gyara tabarau. Layin ya koma ja wur.

"To, ke me kika gani?"

"Ban gani ba tukuna."

Ta gwada faɗaɗa bututu, tudu ko gezau. Ta matsar da injin gaba, kasuwa ta bushe. Har abinci ya daina yi mata daɗi. Daga ƙarshe ta gwada ƙaramin inji da tanki a ƙololuwar tudun, mai cika lokacin da gari ya rage ɗiban ruwa. Tudu ya yi shuɗi, layin asibiti ma yana nan shuɗi.

Manaja ya jawo kujera suka bi taswirorin a tsanake. Shi ya hango wani lungu a bayan makaranta da ya rage ja.

"Waɗannan fa, ba 'yan gari ba ne?"

Ta yi dariya, suka sauya wa lungun bututu, ya shiga sahu.

Ranar da aka saki ruwa, ƙanwarta da ke aure a tudun ta bugo waya.

"Yaya, kin ja mana aiki. Famfunan gidan nan duk yoyo suke, ba su saba ba."

"Tara bokiti," in ji Anti. "Zan turo miki mai gyara."