Sunan da Na Rubuta a Gefen Takarda

Cikin shekarun da na yi ina sakataren majalisa a wata meri, wato ofishin magajin gari, ta yankin Dakoro, akwai Talata ɗaya da ta ƙi fita raina.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: kafin kowane zama, sakatare ne ke jera batutuwan da konsaye, wato zaɓaɓɓun wakilai, za su tattauna, ya rubuta sunan wanda ya kawo kowane batu a gefe. Abu ne da hannu ke yi ba tare da kai ya yi tunani ba.

Akwai Rabi, tela ce, shugabar mata masu buƙata ta musamman. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana ƙarama, da keken hannu take yawo. Matanite ɗinmu, inda mata ke awo da haihuwa, matakala huɗu gare shi. In Rabi ta je, ko ta ja jiki a gaban mutane, ko maza su ɗauke ta kamar buhun gero. Ga shi tana da ciki. Gangaren siminti kawai ta roƙa, wanda keke zai hau.

Rabi ba ta yi sakaci ba. Gida-gida ta bi masu rinjaye da 'yan adawa, kowa ya yi mata alkawari. Ranar da ta kawo takardar, ba ni nan, sai ta ba Alhaji Sani, konsaye na masu rinjaye, ya miƙo mini. Ni kuwa na rubuta sunansa a gefe.

Ranar Talatar, da na karanta batun a zauren, Malam Issufu, jagoran adawa, ya miƙe.

"Sakatare, na wa ka ce?"

"Na Alhaji Sani, ranka ya daɗe."

"To, mun gane. Mu ɗaga hannu, su tahi kasuwa su ce su suka yi? Ba da mu ba."

Na ce kuskurena ne, zan goge. Alhaji Sani ya ce ba mai goge mishi suna. 'Yan adawa suka fice, adadin da doka ta nema bai cika ba, aka ɗage zama.

Rabi na waje cikin kekenta, don zaurenmu ma matakala gare shi. Ta taga ta ji komai.

"Malam, mi ya hana ka sa sunana?" ta ce.

Na tattara takarduna na wuce.

Kafin zama na gaba naƙuda ta zo mata. Ta ƙi a kai ta matanite a ɗauke ta, ta haihu a gida. Yaron bai kwana ba. Wallahi har yau ina jin nauyin abin.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ga abin da na gani: a zauren nan babu ko mutum ɗaya da ke ƙin Rabi. Juna suke ƙi, kuma sakatare ya kamata ya san haka kafin ya ɗauki biro. Ranar gaisuwa duk suka zo, masu rinjaye da 'yan adawa, suka zauna a tabarma ɗaya.