Dattijuwa Mai Faifan Goge

Rumfar Dogara mai sayar da faifai a kasuwar Suleja cike take da samari masu wando mai faɗin ƙafa, kowa yana yabon sabon faifan Legas da yake ji. Ga wata doguwar dattijuwa tsaye a tsakiyarsu, haƙoranta jawur da goro. Ta zaro tsohon faifan goge, ta share shi da gefen mayafi, ta miƙa wa Dogara.

"Iya, wannan ai kiɗan gidan mata ne," in ji wani saurayi.

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Ɗora mini, ɗana. Tun ɗazu nake jin naku ban tanka ba."

Garmaho yana juyawa, goge yana kuka. Idan mawaƙin yana waƙa, bakinta a rufe yake, amma da an zo amshi sai leɓenta ya motsa, ba ta kuskure ko gaɓa. Ina jin muryarta tana cikin 'yan amshin nan, kuma ta sha gori a kai tun tana budurwa.

Waƙa ta ƙare, samari suna miƙa nasu. Ta dafe garmahon.

"Juya bayan. Ban gama ba."