Lallashi Ma Aiki Ne

Shekarar da na kama aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Sabon Gari, mu huɗu ne a ɗakin, ni ce sabuwar zuwa. Rannan aka turo mana wata Hajiya daga ofis da agogo a hannu, wai za ta auna yawan aikinmu. Kowa ya san inda aka dosa: in aikin bai kai na mutum huɗu ba, za a sallami ɗaya, kuma ni ce a bakin ƙofa.

To ni da wautata, sai na ɗauka sauri ake nema. Kwana uku ina ta rawar jiki, in cafki kwalba, in sa a inji, in fitar da sakamakon suga ko na ƙoda kafin ta ƙifta ido. Hajiya na ta rubutu. Ashe ramin kaina nake haƙawa! Shugabanmu, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, lissafinta ya nuna mutum uku sun isa. Ke kika nuna mata."

A motar Samaru na yi kukana, haushin kaina kamar ya kashe ni.

Ranar da za ta gama, jinin wani tsoho manomi daga wani ƙauye bayan Shika ya lalace a kwalba, dole a sake ɗiba. Na same shi a benci a waje. Ya ce allambaram. "Da safe kun kwasa, yanzu kuma? Sayarwa kuke yi?"

Na riga na fid da rai da aikin, saurin me zan yi? Na zauna kusa da shi, na tambaye shi gona, ya kwashe labarin masararsa kaf ya ba ni. Na nuna masa kwalbar, ko cokali ba ta kai ba. Na ce, "Baba, ƙafar nan taka da ta kumbura, jinin ne zai gaya mana dalili." Da ƙyar ya miƙo hannu, ga jijiya ta ɓuya.

Ina juyowa na ga Hajiya tsaye a bayana, agogo na tafiya.

"Minti arba'in," in ji ta. "A takardata minti shida ne. Kullum haka kuke fama?"

"Kullum, Hajiya. Amma a waje ake yi, ke kuma inji kika zo kallo." Bakina ke nan, ba ya jin magana.

Ta sake duban agogon. Can ta ja sabon layi a takardar, ta ce me za ta kira shi? Na ce lallashi.

Ta ƙara mako guda, mu kuma muka yi aiki yadda muka saba. Ba a sallami kowa ba. Wallahi da shugabanmu ya faɗa mini, sai da na rangaɗa guɗa don daɗi.

Tsohon ya dawo ganin likita, yana ta mitar an shanye masa jini. Na saya masa fura kwano guda. Ya shanye, ya ce ai da ma bashin jininsa ne.